Baƙin Tsuntsu Mai Jan Fiffike a Dajin Ngel Nyaki

Idan mota ta bar Jalingo ta wuce Bali da Serti, sai ta isa Mayo Selbe, kuma daga nan ne hawa yake farawa. Hanya ta riƙa naɗewa a jikin dutse kamar rawani, fasinjoji kowa ya yi tsit yana salati a zuci. Kafin a kai Maisamari za ka ji kunnuwanka sun toshe, iska ta sauya, mai rigar sanyi ya fara lalubenta a jaka. To, kun hau tsaunin Mambila ke nan, a Ƙaramar Hukumar Sardauna ta Jihar Taraba.

Mafi yawan masu zuwa nan gonar shayi ta Kakara suke so su gani, ko tuddan nan masu ciyawa shar da garken shanu a kansu. Ni kuwa tsuntsu ne ya kai ni.

Kusa da ƙauyen Yelwa akwai wani daji da ake kira Ngel Nyaki. Tun 1969 aka keɓe shi. Faɗin wurin da aka keɓe murabba'in kilomita 46 ne, amma kurmin kansa bai kai kashi ɗaya cikin biyar na wannan ba, sauran duk ciyawa ce. Yana maƙale a gangaren tsauni, a tsayin mita 1,400 zuwa 1,600 daga matakin teku. Kana cikin tafiya a fili sai ka ga ƙasa ta karye a gabanka, ga kan bishiyoyi a ƙarƙashin ƙafarka, gajimare yana yawo a tsakaninsu. Da ka gangara ciki rana ta ɓace. Gansakuka ta lulluɓe rassa, ƙasa da laima, birai suna gargaɗin juna cewa baƙo ya shigo. Har manyan biran nan da ake kira cimfanzi akwai su a wannan kurmi, sai dai ganinsu sai mai rabo.

Jagorana, wani saurayi ɗan Yelwa, ya kai ni gindin wata bishiyar ɓaure da ta yi 'ya'ya. Muka zauna. Mun fi awa guda, wuyana har ya ƙage saboda kallon sama.

"Malam, kada ka nemi baƙi a cikin duhu," in ji shi. "Saurara tukuna. In sun tashi za ka ga ja."

Haka kuwa aka yi. Sai da muka ji fito mai zaƙi, kamar yaro yana kiran abokinsa daga nesa, sannan wasu tsuntsaye biyar ko shida suka tsallaka sararin da ke tsakanin bishiyoyi biyu. Baƙaƙe ne, amma da suka buɗe fiffike sai ga launin jar ƙasa ya haska a gefensa. Da suka sauka suka naɗe fiffike, jan ya kusa ɓacewa.

Wanda ya tashi a karkara ya san shaya, tsuntsuwar nan mai sheƙi da ke tsalle-tsalle a gonaki da bakin gari. To, wannan danginta ne, sai dai shi ɗan tsauni ne, ba ya sauka inda muke. Tsawonsa kamar santimita 23, jelarsa gajeriya. Namijin baƙi ne wuluk mai ƙyallin shuɗi, macen kuwa kanta ruwan toka ne, don haka ko daga ƙasa za ka iya bambance su in kana da madubin hangen nesa. Masana suna kiransa Onychognathus walleri. Wani Bature ɗan Ingila masanin tsuntsaye, George Ernest Shelley, shi ya fara bayyana shi a rubuce a 1880.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne inda yake zama. Ana samunsa a tsaunukan kudu maso gabashin Nijeriya kamar Obudu, da na Kamaru, da tsibirin Biyoko. Daga nan sai ka tsallake fiye da kilomita 1,500 ba ka gan shi ba, har sai ka isa tsaunukan gabashin Kongo, Uganda, Ruwanda, Kenya, Tanzaniya da Malawi. Duk kurmin Kongo da ke tsakani, da girmansa da yalwar 'ya'yan itatuwansa, bai ishe shi wurin zama ba, domin shi kurmin sanyi yake so. Ku ɗauki kowane tsauni a matsayin tsibiri, zafin ƙasa kuma shi ne tekun da ya kewaye shi. Masana da yawa suna ganin a can zamanin da duniya ta fi haka sanyi, irin wannan daji ya sauko ƙasa ya yaɗu, da zafi ya dawo sai ya ja da baya ya koma kan duwatsu, tsuntsayensa suka bi shi.

Abincinsa yawanci 'ya'yan itace ne, yana haɗawa da ƙwari. Yakan haɗiye ɗan itacen, ya tashi ya sauka a wani wuri, ya kasayar da ƙwayar a can. Da haka shi da sauran masu cin 'ya'yan itace suke shuka daji ba da saninsu ba. Sheƙarsa kuma a kogon bishiya take, can sama. Kogo kuwa sai tsohuwar bishiya. Itatuwan turare da aka dasa ko'ina a Mambila suna ba mutane katako da makamashi, amma ba sa ba shi abin da zai ci.

A lissafin duniya ba a sa shi cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa ba, tunda yana da gidaje da yawa a gabashin Afirka. Amma namu na nan 'yan tsirarun kurmi ne kawai suka riƙe shi. Kowace rani ana cinna wa ciyawa wuta don sabuwa ta fito wa shanu, wutar kuma takan lashi bakin kurmin. Shanu su shiga neman inuwa da ruwa, su tattake ƙananan bishiyoyi. Ba na ganin laifin makiyayi don ya nema wa dabbarsa abinci, amma rafukan da shanun suke sha daga cikin irin wannan kurmi suke ɓuɓɓugowa.

A bakin dajin akwai tashar bincike da Jami'ar Canterbury ta ƙasar New Zealand ta jagoranci kafawa, ɗalibai daga Jami'ar Jihar Gombe da wasu jami'o'in suna zuwa aiki a can. Suna renon 'ya'yan bishiyoyin kurmin, suna kuma killace wasu filaye daga wuta da kiwo don su ga ko daji zai dawo. Jagorana ya nuna mini ɗaya daga cikinsu a hanyarmu ta komawa. Waje da shingen ciyawa ce gajeriya. A ciki kuwa ƙananan bishiyoyi sun fara wuce kaina, har da wasu da ya ce ba wanda ya dasa su.