Abin Sha Mai Sanyi a Bazara

Daga Maris zuwa Afrilu, kafin saukar ruwan fari, zafin Kaduna yakan hana babba da yaro sakat. Mu a gidanmu na Unguwar Rimi ba mu dogara ga firiji ba, gama wuta ba ta da tabbas. Ranar Talata mukan sayo mangwaro da kankana da lemun zaƙi a kasuwar Kawo. Mu wanke, mu matse, mu haɗa da ruwan tsamiya da 'yar citta, mu zuba a kwalba, mu tsoma cikin randa. Randa tana zufa kamar mutum. Iska na busar da bayanta, cikinta na sanyi.

Abu ɗaya ne ba mu wasa da shi: ruwan haɗin, sai an tafasa tukuna. Da bazara rijiyoyi sukan ja baya, ƙazanta ta taru. Ƙanƙarar talla kuwa, wa ya san ruwan da aka yi ta? Moɗa ɗaya ta isa ta kwantar da yaro da amai da gudawa. 'Ya'yan maƙwabta suna sha tare da namu, amanarsu kuwa tana wuyanmu.