Rasidin Baba Alhaji

Masu tambayar ina ci gaban littafina ya tsaya, ku yi haƙuri, lissafi ne ya ɗauke min hankali.

Bayan rubutu, ni ɗan albashi ne a nan Bakura, kuma shekara da shekaru ban taɓa duba abin da ake yanka min na haraji ba, in dai alat ya shigo sai hamdala. Wani abokina da ke Amurka ne ya tsokano ni. Wai can mutum da kansa yake cike takarda, W-4 suke ce mata, ya faɗa wa wurin aikinsa yadda za a riƙa cire masa, shi kuma da gangan yake sa a cire da yawa domin a maido masa a dunƙule. Na ce to ai adashe ke nan kake yi da gwamnati, ba riba. Ni dai a nan ban taɓa ganin wanda aka maido wa ko sisi ba, gara a rage tun daga tushe.

Sai na bincika sabuwar dokar haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025, ta fara aiki Janairun 2026. Naira 800,000 na farko a shekara babu haraji, abin da ya biyo baya kashi 15 cikin ɗari. Mai haya kuma ana ɗebe masa kashi 20 na kuɗin hayarsa kafin a lissafa, in ya nuna shaida.

Shaidar ce matsala. Maigidanmu abokin mahaifina ne, shekara 9 ina miƙa masa 150,000 hannu da hannu. Na lissafa, abin da zan tsira da shi 4,500 ne a shekara. Uwargida ta ce ko gishiri ne ai an rage.

Na durƙusa na ce, "Baba, rasidi nake so."

Ya daɗe yana kallona. "Yaro, yaushe muka fara rashin yarda?"

Wallahi sai da na yi gumi kafin na fahimtar da shi. Ya sa jikansa ya yago takardar makaranta ya rubuta, ya dangwala hannu. Tana nan cikin aljihuna, kuma tun ranar gaisuwarmu ta gajarta.