Zuwa ga ƙanena, kafin ka sa ƙafa a Bahar Maliya

Dahab, Masar

Ƙanena,

Ya karatu, ya hayaniyar Alƙahira? Na yi murna ƙwarai da ka ce hutun nan za ka zo ka koyi nutso da tukunyar iska. Ka tambaye ni wace rigar hurawa za ka saya kafin ka taso. Bar kuɗinka a aljihu tukuna, ta haya ta ishe ka. Abin da nake so ka iso da shi a kanka shi ne yadda mutum yake tsayawa a tsakiyar ruwa, ba ya yin ƙasa, ba ya yin sama. Wanda ya iya wannan, sauran duk mai sauƙi ne a gare shi.

Kowane mita 10 da ka sauka a teku, ruwa yana ƙara maka matsi daidai da na dukan iskar da ke bisa kanmu a tudu. Iskar da ka sauka da ita takan koma rabin girmanta a mita 10, sulusi a mita 20, rubu'i a mita 30. Tun 1662 Robert Boyle ya bayyana wannan ƙa'ida, kai kuwa a jikinka za ka karance ta. Rigar robar da ke tsare ka daga sanyi cike take da ƙananan kumfa. Kana sauka suna matsewa, kana ƙara nauyi, saukar tana ƙara sauri. Nan ne amfanin rigar hurawa, wadda a nan kowa ke kira BCD: ka danna maɓalli kaɗan, iska ta shiga daga tukunya ta cike gurbin abin da ruwa ya matse. Wajen hawa sai abin ya juye. Iskar tana kumbura tana ɗaga ka, ɗagawar tana ƙara kumbura ta. In ba ka ɗaga bututun rigar da hannun hagu ka sake ta da wuri ba, sai dai ka ga kanka a saman ruwa ba shiri. Kuma ka lura, daga mita 10 zuwa sama ne iska take ninka girmanta, ashe wurin da sabon ɗalibi ya fi sakin jiki nan ne ya fi bukatar kula.

Kada ka ɗauki rigar hurawar nan kamar goran masuntan Argungu, abin da za ka rungume ya riƙe ka. A saman ruwa kawai take wannan aikin. A ƙasa gyara take yi, kaɗan kaɗan, ka danna ka jira, don ba nan take take amsawa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne dalma. Bahar Maliya gishirinta ya kai wajen giram 40 a kowace lita, alhali na yawancin tekuna wajen 35 ne, saboda haka jiki ya fi tasowa a nan, dole a ɗaura dalma a ƙugu. To amma akwai masu koyarwa da ke jibga wa ɗalibi fiye da kima, don ya durƙusa a kan yashi ya zauna daram, su huta da kamo shi. Wannan ɗabi'a tana ba ni haushi, domin ɗalibin ne ke biyan kuɗinta shekara da shekaru. Kowane kilo ɗaya da ya wuce bukata, sai ka hura kusan lita ɗaya ta iska a riga kafin ka daidaita, kuma wannan litar ce za ta yi ta matsewa tana kumbura duk motsin da ka yi. Sai ka ga mutum yana ta danne-danne, ƙafafu a ƙasa kai a sama, yana haki, tukunyarsa ta ƙare kafin ta kowa.

Ka nemi a gwada maka nauyinka tun ranar farko, haƙƙinka ne. Ka zazzage rigar sarai, ka ja numfashi irin na kullum, ruwa ya tsaya maka daidai ido. In ka fitar da numfashin, ka soma sauka a hankali. Sai dai ka tuna iska ma tana da nauyi. Tukunya mai lita 12 da aka cika zuwa bar 200 tana ɗauke da kusan kilo 3 na iska, kafin agogon tukunyar ya nuna bar 50 ka shaƙe wajen kilo 2. Gwaji na gaskiya a ƙarshen nutso yake: ka tsaya minti 3 a mita 5, rigarka kusan babu komai a ciki, ba tare da kokawa ba.

Sauran aikin na huhunka ne. Ka ja numfashi mai ɗan zurfi, bayan ɗan lokaci ka ji ka taso. Ka sake shi a hankali, ka sauko. Da haka ake tsallake dutse ba a taɓa maɓalli ba. Amma don Allah, ko da wasa kada ka riƙe numfashi kana hawa. Iskar da ke huhu ita ma kumbura take, kuma tazara kaɗan ta isa ta yi masa rauni. Ka kwanta a miƙe, gwiwa a lanƙwashe, hannaye a haɗe a gaba, ka bar ƙafa ta yi tuƙi. Murjanin da za ka gani a nan, wani irinsa bai fi santimita ɗaya yake ƙaruwa a shekara ba. Shuri guda na wanda bai daidaita ba yakan karya abin da ya girme shi.

Na san abokanka za su zuga ka da labarin Blue Hole. Ramin ya zarce mita 100, ƙofar da ke ɓullewa teku tana wajen mita 55, kuma a jikin dutsen bakinsa akwai allunan sunayen waɗanda ba su dawo ba. Takardar shaidar nutso ta farko iyakarta mita 18 ce, kuma a nan za ka tsaya ina gefenka.

Kafin ka taso ka je likita ya duba ƙirjinka da kunnuwanka, saboda tarin nan da kake yi lokacin sanyi. Hawan Dutsen Musa da ka ambata kuma mu fara yin sa kafin nutso, don tsayinsa ya haura mita 2,200, ba a fita daga ruwa a hau irinsa a rana ɗaya. Ka kira Umma ka gaya mata da bakinka, kada ta ji a wurina. Ka sanar da ni ranar da motarka za ta taso in tarye ka a tasha.

Naka,
Yayanka