Yini Guda a Lambun Sarakunan Sin

Da kaka na je lambun Yiheyuan, lokacin da zafin Beijing ya kwanta. Wani ɗalibi ɗan ƙasarmu da ke karatu a birnin ne ya yi mini rakiya. Muka shiga ta ƙofar gabas, muka ratsa zauren da ake zaman fada a dā, sai ga ruwa shimfiɗe a gabanmu. "Malam, tafkin Kunming ke nan," in ji shi, "kuma mutane ne suka faɗaɗa shi haka da hannu." Sarki Qianlong ya sa aka fara aikin a 1750, don girmama mahaifiyarsa da ke shirin cika shekara 60. Ƙasar da aka haƙo aka jibga ta kan dutsen da ke arewa da tafkin, ya ƙara tsayi. Kashi uku cikin huɗu na lambun duk ruwa ne.

Kafin mu kai ga wuraren da kowa ke ɗaukar hoto, ya ja ni wani gida a bakin ruwa, Yulantang. Nan Cixi, wadda ke riƙe da ragamar mulki, ta tsare Sarki Guangxu, ɗan ƙanwarta, bayan ya yi yunƙurin gyaran ƙasa a 1898, yunƙurin da bai wuce kwana ɗari da 'yan kai ba. Na leƙa ɗakunan gefe, na ga bangon bulo da aka gina a ciki don toshe masa hanya. Na daɗe tsaye a wurin. Sarki ne da sunansa, ga ruwa ga furanni kewaye da shi, amma ba shi da ikon fita sai da izini. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai.

Daga nan muka bi wata doguwar rumfa mai tsawon mita 728, wadda aka yi wa katakonta zane sama da 14,000. Wuyana har ya gaji da kallon sama. A ƙarshenta akwai wani jirgin ruwa na dutse, wanda ba ya zuwa ko'ina. Sojojin Ingila da Faransa sun ƙone lambun a 1860, Cixi ta sake gina shi, har da kuɗin da aka ware wa rundunar ruwa. A 1895 Japan ta ragargaza rundunar. Kyan jirgin bai hana raina ɓaci ba.

Abin da ya wanke mini zuciya tsofaffi ne. Wasu sun taru a rumfar suna rera waƙa, wani na jan erhu, mai kama da gogenmu. Wani dattijo kuma yana rubutu a kan daɓe da ƙaton burushi, ruwa ne tawadarsa, kafin ya kai ƙarshen layi farkon ya bushe. Ya miƙo mini, na rubuta sunana da ajami, ya duƙa yana dubawa yana gyaɗa kai. Kakanninsa ba su isa su tako wurin nan ba, don sai a 1924 aka mayar da shi wurin shaƙatawar jama'a.

Duk wanda Allah ya kai Beijing, ya ware wa lambun nan yini cur, ya kuma yi sammako, don da hantsi tsofaffin ke taruwa.