Lamunin Kayan Soja a Hannun Mai Mota

Dalilin wannan rubutu shi ne wata matsala da ta same ni har cikin zaurena. Ɗan ƙanena saje ne a soja, aka yi masa canjin wurin aiki daga Kaduna zuwa Maiduguri. Ya yi jinga da mai babbar mota, shi da iyalinsa suka yi gaba. Da aka sauke kaya sai ga tangaran ɗin matarsa sun farfashe, keken ɗinkinta ya karye, buhu biyu na shinkafa kuma babu su. Direba ya ce ƙaddara ce. Yaron ya zo mini ransa a ɓace, ya ce, “Baba, ai dole ya biya duka.”

Na ce masa a'a, shari'a ba ta bin zafin zuciya. A mazhabar Imamu Malik, wanda aka yi ijara da shi don ɗaukar kaya amintacce ne, ba ya lamuni sai in ya yi ta'adi ko sakaci. Shehu Halil ya kawo wannan a babin ijara na Muhtasar: in tukwane suka fashe ba da ta'adinsa ba, ko igiya ta tsinke alhali bai yi yaudara da ita ba, to, babu biya a kansa. Saboda haka zancen tangaran ya faɗi, domin babu mai shaidar ganganci, hanyar kuwa kowa ya san halinta.

Shinkafa hukuncinta daban. Malamanmu sun keɓe abinci, suka ce mai ɗaukarsa yana lamuni in ya yi da'awar ɓata, sai fa in ya kawo shaidu, ko kuwa mai kayan yana tare da shi. Hujjarsu ita ce hannu yana saurin kai wa abinci. Kuma mai da irinta zai yi, tun da abar awo ce.

A nan ne nake da abin cewa. Abu Yusuf da Muhammadu, almajiran Abu Hanifa, sun ɗora lamuni a kan duk mai yi wa jama'a aiki don lada, sai a abin da ya fi ƙarfinsa kamar gobara mai cin gari. Ni kam zuciyata ta karkata nan game da kamfanonin sufuri na yau, balle a kan soja, wanda umurni ne yake tashinsa, ba shi da halin zaman gadin kayansa. Hukumar tsaron Amurka ta bi hanya makusanciyar wannan: tun daga 2007 ta fara tilasta wa kamfanin da ya kwashe kayan soja ya gyara abin da ya lalace, ko ya biya kuɗin madadinsa cikakke, muddin an kai kuka cikin wa'adin da aka ƙayyade. Fiƙihunmu dai ƙimar abin yake dubawa, ba kuɗin sabo ba.

Saura keken ɗinki. Yaron mota da wani ɗan dako suka shaida cewa tun a Kaduna sun nuna wa direba igiyar ta ruɓe, ya ce a ɗaure haka nan. Wannan yaudara ce a aikace, sai ya biya ƙimarsa. Da saje ya fara lissafa wasu ƙananan kaya da ya ce bai gani ba, na tambaye shi takardar da ya rubuta kayan a gaban shaidu ranar lodi. Ya sunkuyar da kai, ya ce bai rubuta ba. Direba ya rantse, aka sallame shi a kan waɗannan.