Gayyar Daji

Idan kaka ta wuce, ciyawa ta bushe, iskar hunturu ta fara kaɗawa, lokacin gobarar daji ya zo ke nan. A zamanin ƙuruciyarmu mai unguwa kan sa a yi shela, mu fita da fartanya da lauje mu share hanya mai faɗi tsakanin makiyaya da bakin daji, domin in wuta ta taso ta rasa abin ci ta mutu a nan. Ba a biyan kowa. Fulani su kawo nono, matan gari su dama fura, kafin azahar an gama.

A 1965 gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo. Doka ce mai kyau, amma malamin daji guda da kekensa ba zai iya tsare dajin Falgore ko na Rugu ba. Abin da ya fi ɓata lamarin shi ne tarar saran itace. Da mutane suka ga itace ya zama na hukuma, sai suka daina kula da shi, suka koma sara da dare. Yau Rugu ta zama maɓoyar 'yan bindiga, kuma raina yana ɓaci duk lokacin da aka ambace ta.

Mutanen Maradi sun nuna mana wata hanya. Bayan yunwar 1984 manoma suka rungumi sassaben zamani, dabarar da Tony Rinaudo ya yaɗa: a bar tohon da ke fitowa daga kututture, a zaɓi masu ƙarfi, a rage sauran. Gawo ya dawo gonaki, har aka ƙiyasta hekta miliyan 5 sun farfaɗo a Nijar. Dokar Nijar ta 1992 kuma ta ba ƙauyukan da ke gefen dazuzzuka irin Baban Rafi damar sayar da itacen wuta da kansu bisa tsari. Wanda ya san yana da rabo a daji, ba sai an roƙe shi ya tsare shi ba.

Matasan da ke fitowa dashen itatuwa da damina, Allah ya yi muku albarka. Amma, 'ya'yana, ku dawo a watan Maris da Afrilu. A lokacin ne dashen ke neman tulun ruwa da shingen ƙaya saboda awaki, kuma a lokacin ne nake zagayawa ban ga kowa ba.