Karen da Ke Amsa Fito

Mu 'yan Gandi mun san farautar rani, lokacin da ake sakin karnuka a daji babu igiya. Wanda bai amsa fito ba yakan faɗa wa awakin mutane, rigima ta tashi. A Turai wasu na ɗaura wa kare abin wuya mai jan lantarki don ya daina bin tumaki, amma yankin Wales na Birtaniya ya haramta shi a 2010. Mu sanda muke ɗauka. Sai dai karen da aka kira aka doka ya koyi cewa dawowa wahala ce. Mu fara tun yana kwikwiyo, a ƙofar gida: fito iri ɗaya kullum, in ya zo a ba shi lomar tuwo nan take, sannan a riƙa ƙara nisa.